Filin Tambayoyinku: Riƙon Ƙungiyar Gem, Waya da Sabis

Wasiƙun wannan makon kusan duk daga Gombe da kewayenta suka fito, kuma yawancinsu daga matasan da suka tsinci kansu suna jagorantar ƙungiya a wasannin gem na intanet. Mun taƙaita tambayoyin, mun sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne shugaban wata ƙungiya a Clash of Clans, mun cika mutum 50. Amma duk yaƙin da muka shiga, da ƙyar mutum 15 ke kai hari. Sai cin mu ake yi. In kore sauran ne, ko yaya zan yi? (Mai karatu daga Jekadafari)

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kar ka yi saurin kora, gyaran farko a lissafinka yake. Wasan bai tilasta maka shiga yaƙi da duk wanda ke cikin ƙungiya ba, kana iya zaɓar mutum 5, 10, 15, har zuwa 50. Tunda 15 ne masu fitowa, yi yaƙin 15 da 15. Duk wanda ka saka bai kai hari ba, asara biyu ka yi: hare-harensa guda biyu sun tafi a banza, gidan da ya gina a wasan kuma ya zama inda abokan gaba za su kwashi taurari uku, wato cikakken maki, cikin ruwan sanyi. Riƙon ƙungiyar gem kamar kiran gayya ne, ba a ƙirga waɗanda suka ce "Allah ya kai mu", waɗanda suka iso gona da fartanya ake ƙirgawa.

Kowane ɗan wasa yana da alama a shafinsa, kore ko ja, mai nuna ko yana son a saka shi a yaƙi. Da yawa sun bar ta a kore tun ranar da suka shigo, sun manta da ita. Kar ka dogara da ita kaɗai. Buɗe ƙuri'a a zauren WhatsApp na ƙungiya awa biyu ko uku kafin ka nemi yaƙi. Wanda bai danna ba, ba ya ciki, ko da ƙanenka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Sai lokaci, kuma a nan shugabanni suka fi yin sakaci. Ranar shiri awa 23 ce, ranar yaƙi awa 24, jimilla 47. Ke nan yaƙi zai ƙare bayan kwana biyu, awa ɗaya kafin lokacin da aka haɗa ku da abokan karawa. In ka danna nema da ƙarfe 8:30 na dare, awar ƙarshe za ta faɗo tsakanin Magariba da Isha'i, mutanenka suna masallaci ko suna rufe shago. Alhali a wannan awar ake share gidajen da suka tsaya a taurari biyu. Danna wajen 10:30, yaƙi ya ƙare wajen 9:30: an yi sallah, an ci tuwo, an karɓo waya daga shagon caji. Da azumi a sake lissafi saboda asham da tahajjud.

A cikin yaƙin, kowa ya kai harin farko a awa 12 na farko, a kan gidan da lambarsa ta yi daidai da tasa ko ƙasa kaɗan. Hari na biyu a riƙe shi sai kai ko mataimakinka ya nuna inda za a kai. In taurari suka yi kunnen doki, yawan rusau ne ke raba gardama, don haka ko harin da ba zai ƙara tauraro ba yana iya zama shi ne nasarar.

Batun kora kuwa, a rubuta doka a bayanin ƙungiya inda kowa ke gani kafin ya shigo. Wanda ya sanar tun kafin yaƙi cewa ba zai samu dama ba, babu komai a kansa. Wanda ya ɓace ba sanarwa, a zaunar da shi yaƙi biyu. Ya sake, a rage masa muƙami. Na uku, a sallame shi da saƙo mai mutunci. A garin da wuta kan yi kwanaki ba ta leƙo ba, mutuwar waya uzuri ne na gaskiya, amma aron wayar maƙwabci a tura saƙo layi ɗaya ba ya gagarar kowa.

Abu na ƙarshe: a gasar wata-wata, inda ƙungiyoyi 8 ke karawa kwana 7 da hari ɗaya kowace rana, ana ba shugabanni ƙarin lambobin yabo su raba. Faɗi yadda za a raba tun kafin a fara. Rabon nan ya fi shan kashi wargaza ƙungiya.

Tambaya: Na ba abokina muƙamin mataimaki. Muka samu saɓani, cikin dare ya kori mutum 20, ya fice ya kafa tasa. Yanzu kuma wani na ce mini in ba shi akawun ɗina ya riƙa kai mini hari in ina lacca. (Ɗalibi daga Kashere)

Amsa: Allah ya mayar da alheri. Ka san ƙarfin muƙami kafin ka bayar. A Clash of Clans mataimaki na iya korar dattawan ƙungiya da sauran mambobi ɗaya bayan ɗaya, yana iya fara yaƙi, yana ma iya ɗaga wani ya zama mataimaki irinsa, kuma kai kaɗai ke iya sauke su. Dattijo kuwa ƙarfinsa taƙaitacce ne: yana karɓar sababbi, yana korar ƙaramin mamba, shi ma da tazarar lokaci tsakanin kora da kora. Saboda haka muƙamin dattijo shi ne na lada da karramawa. Mataimaki biyu ko uku sun isa, kuma ya zama wanda ya yi aƙalla wata uku tare da ku, kun san lambarsa, in da hali kun san ƙofar gidansu. Iya wasa ba ya cikin sharaɗi. Gwanin hari sau da yawa shi ne mafi saurin fushi.

Don dawo da mutanenka, kowane ɗan wasa yana da lambar shaida da ke farawa da alamar #. Daga yau ka ajiye jerin sunaye da waɗannan lambobi a littafi, da su za ka nemo kowa ka aika masa gayyata. Zauren WhatsApp kuma kai ka buɗe shi da layinka, domin sauran masu kula da zaure ba sa iya cire wanda ya ƙirƙira shi. In abokin naka ne ya buɗe na yanzu, buɗe sabo yau.

Akawun kuwa, a'a. Dokar Supercell, kamfanin da ya yi wasan, ta hana, kuma ko ba doka, wanda ya samu shiga imel ɗin da Supercell ID ɗinka ke kai, shi ne mai akawun. Duk wanda ya ce ka turo masa lambobin da aka aiko maka, da kowace hujja, sata ya zo yi. Kunna tabbaci mai mataki biyu a Gmail, ka ciro lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa, ka kwafe su a takarda. Layin da ke kan imel ɗin ya zama mai rajista da NIN ɗinka, ba na yayanka ba. Masu Free Fire da ke wasa a matsayin baƙo su ɗaure akawun ɗinsu da Google ko Facebook, in ba haka ba ranar da aka wanke wayar komai ya tafi.

In jarrabawa ta matso, cire kanka daga yaƙi, bar mataimaki ya ja ragama. Sai dai ka riƙa leƙawa, domin shugaban da ya yi kwana 90 bai shiga ba, wasan da kansa yake miƙa shugabancin ga wani.

Tambaya: Ina tara kuɗin waya don Call of Duty: Mobile da PUBG Mobile. Mai shago ya nuna mini wata ya ce RAM ɗinta 16 ne, kuma tana da araha. In saya? (Mai karatu daga Pantami)

Amsa: Juya kwalin ka duba ƙananan rubutu. In ka ga 8+8, RAM ɗinta, wato inda waya ke riƙe abin da take aiki da shi a lokacin, 8 ne. Ɗayan takwas ɗin aro ne daga ma'ajiyar waya, dabarar da Tecno da Infinix da sauransu ke yi da sunaye daban-daban. Tana taimakawa wajen barin manhajoji a buɗe a baya, amma ma'ajiya ba ta kai RAM na ainihi sauri ba ko kusa, kuma ba ta ƙara wa gem komai. Haka 4+4 huɗu ne, kuma huɗu ya yi kaɗan ga waɗannan wasanni biyu a yanzu. Nemi 6 ko 8 na ainihi.

Abin da ya fi RAM muhimmanci shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar waya. Harafin G a jerin Helio na MediaTek yana ruɗar mutane. G36 da G37 ƙanana ne ƙwarai, na kira da WhatsApp. G85 da G88 za su ɗauki Free Fire lafiya, su ɗauki sauran a ƙaramin hoto. G99, wanda aka ƙera da fasahar nanomita 6 maimakon 12 na G85, ya fi su ƙarfi kuma bai kai su zafi da shan batir ba. A ganinmu daga nan ya kamata mai son wasan gasa ya fara. Unisoc T606 da ke cikin wayoyi masu araha da yawa ba na wannan aiki ba ne. In aljihu ya kai, jerin Dimensity 8000 wani mataki ne daban.

Kar adadin 120Hz na sikirin ya ɗauke maka hankali. In furosesa hoto 40 yake iya fitarwa a daƙiƙa, 40 ɗin za ka gani. Tambayi irin ma'ajiyar: UFS ta fi eMMC saurin buɗe taswira, kuma 128GB shi ne mafi ƙaranci, don wasannin nan da taswirorinsu suna cin gigabait masu yawa. Sannan ka tabbatar tana da jairoskof na gaske, na'urar da ke ba ka damar saita bindiga ta hanyar karkata waya. Wayoyi masu araha da dama ba su da shi.

Duk wannan za ka iya tantancewa a tsaye a gaban shago. Sauke CPU-Z ko AIDA64, za su nuna maka sunan furosesa, RAM na ainihi da na'urorin da ke ciki. In ta hannu ce, danna *#06# ka gwada lambar IMEI da ta kwali ko rasit, ka ja yatsa a kowane lungu na sikirin, musamman kusurwoyin da maɓallan harbi ke zama. In iPhone ce, lafiyar batir da ta sauka ƙasa da kashi 80 na nufin ka ƙara kuɗin sabon batir a cikin ciniki.

Tambaya: Da rana wasa lafiya lau. Da an yi Isha'i sai ping ya haura 200, in harbi mutum shi ya kashe ni. Sandunan sabis kuma a cike. An ce in saka VPN. (Mai karatu daga Kumo)

Amsa: Sanduna ƙarfin siginar da ke tsakaninka da turken sabis kawai suke nunawa, ba sa faɗin yawan mutanen da ke kan turken. Daga 8 zuwa 11 na dare kowa na kallon TikTok da YouTube, saƙonka na gem sai ya bi layi.

Ping shi ne lokacin da saƙo ke ɗauka ya je na'urar kamfanin da ke riƙe wasan, wadda 'yan gem ke kira saba, ya dawo, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wani ɓangarensa ba ya gyaruwa. Haske a cikin wayar fayiba yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 1,000 yana cin ping 10 zuwa da dawowa. Gombe zuwa Legas, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku ke sauka, ya haura kilomita 1,000. Wayar MainOne da ta fara aiki a 2010 tana da tsawon kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal, ƙarin 70 ke nan. In sabar a Turai take, ping 100 da ɗoriya ba laifin kowa ba ne. Da wayoyin nan suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa ranar 14 ga Maris 2024, har bankuna sai da suka ji a jikinsu, balle gem. VPN kuma, da ke bi da saƙonka ta wata saba daban, mafi yawan lokuta tsawaita hanyar yake yi, na kyauta ma ya fi muni.

Abin da ke hannunka shi ne ɓangaren gida. A saitin layi, tsayar da waya a kan 4G in wayar ta ba da dama, don tsallen da take yi tsakanin 3G da 4G ne ke kawo daskarewar daƙiƙa biyu-uku. Kashe sabunta manhajoji kai tsaye a Play Store, da saukar bidiyo kai tsaye a WhatsApp, da ajiyar Google Photos. Kashe hotspot, in ƙannenka na ja babu ping ɗin da zai zauna. Gwada layukan MTN, Airtel da Glo a ɗakin da kake wasa, a lokacin da kake wasa, dare uku a jere. Babu layin da ya fi ko'ina, unguwa ɗaya ma ta kan bambanta. In kana da rauta, na'urar da ke raba Wi-Fi, ɗora ta a taga, ka haɗa da tashar 5GHz in kana kusa da ita, 2.4GHz in akwai bango biyu a tsakani. Ping 120 da ke zaune wuri ɗaya ya fi wanda ke lilo tsakanin 70 da 250.

Wasan kansa ba ya shan data sosai, yawanci bai kai megabait 100 a awa ba. Sabuntawa ce ke lashe gigabait, a bar ta sai tsakar dare da datar dare mai araha. Danna *323# kafin wasa da bayansa ka gani da idonka. Kuma in iyafis ɗin Bluetooth kake sawa, sautin takun abokin gaba yana iso maka a makare. Mai igiya ya fi.

In kai ne mai tsara atisayen ƙungiyarku, mayar da shi bayan 11 na dare ko safiyar Asabar.

Tambaya: Wayata na yin zafi har hoto ya riƙa tsalle, musamman in tana caji. Pawa bank ɗina mai 20,000 kuma sau biyu da rabi kawai yake cika ta. Jabu ne? (Mai karatu daga Bajoga)

Amsa: Ba jabu ba ne, lissafin daidai yake. 20,000mAh a kan volt 3.7 ya kama awa-wat 74. Batirin waya mai 5,000mAh kusan awa-wat 19 ne. Wajen ɗaga wutar da sake sauke ta, kusan kashi ɗaya cikin uku kan tafi a zafi. Abin da ya rage sau biyu da rabi ne zuwa uku. Jabu shi ne wanda aka rubuta wa 50,000 amma bai kai sabulu nauyi ba.

Tsallen hoton kuwa wayar ce ke rage gudun furosesa da gangan don kar ta ƙone. Apple ma digiri 35 ya sa a matsayin iyakar zafin wurin da ake amfani da wayarsa, mu kuma a Maris da Afrilu muna kaiwa 40. Caji na ƙara zafi, gem na ƙara zafi, haɗa su ne ke kumbura batir. Cika wayar kafin wasa, cire rigarta, kar ka ɗora ta kan katifa ko filo, rage hasken sikirin, sauke ingancin hoto zuwa mafi ƙasa ka bar gudun hoto a sama. Wasu wayoyin Infinix na jerin Note da GT suna da tsarin da ke kai wuta kai tsaye ga injin waya ba ta bi ta batir ba, in taka na da shi kunna. Ƙaramar fankar da ake maƙalawa a bayan waya tana aiki. Firji da ƙanƙara kuwa a'a, raɓa ce za ta taru a ciki. In bayan wayar ya fara ɗagowa, daina caji, kai wa mai gyara a ranar.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 14 ya cire kuɗi daga akawun ɗina na banki ya sayi abin da yake kira daimon. Ya ce shi shugaba ne, dole ya yi wa yaransa kyauta. (Uwa daga Tudun Wada)

Amsa: Hajiya, sannu da haƙuri. A fara toshe ƙofar. Shiga Play Store a wayar da yake wasa, ki cire katin banki daga hanyoyin biya, ki kunna neman tabbaci kafin kowace sayayya. Canza lambar sirrin manhajar bankinki da ta katin, kar ki sa shekarar haihuwar kowa a gidan. Family Link na Google kyauta ne, yana ba ki damar ƙayyade awannin wasa da rufe wayar da dare daga taki wayar. In ta Play Store aka yi sayayyar, akwai shafin neman a mayar da kuɗi, kuma gaggawa na da amfani, amma ki sani kamfanin wasan na iya janye daimon ɗin ko ya rufe akawun.

A Free Fire daimon kayan ado yake saya da wasu jaruman wasa, kuma yawancinsa a juyin sa'a yake ƙarewa: a biya, a juya, ko a dace ko a rasa. Saboda kamar da yake yi da caca, Beljiyam ta hana irin waɗannan akwatunan sa'a a 2018. Ki kuma gargaɗe shi kan shafukan da ke alƙawarin daimon kyauta, tarkon satar akawun ne.

Maganar kyauta ga yara kuwa, babu wasan da ya ɗora wa shugaba wannan. Yaran da daimon ya tara, ranar da ya ƙare za su watse. Abin lura shi ne barci, sallah da makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, amma sharaɗinta shi ne mutum ya kasa sarrafa kansa, wasan ya danne sauran al'amuransa, galibi tsawon wata 12. Ba kowane mai son gem ne ya kai nan ba. Kuɗin dai ya biya, ko da kaɗan-kaɗan daga na kashewarsa.

Tambaya: Muna son shirya gasar Free Fire tsakanin unguwanni, kowace tawaga ta ba da kuɗin shiga, mai nasara ya kwashe. (Mai karatu daga Bolari)

Amsa: Malamai da yawa na kallon gasar da kowa ya zuba kuɗi mutum ɗaya ya kwashe a matsayin caca, ku tambayi malamin unguwa kafin ku karɓi ko sisi. Hanya mafi sauƙi ita ce kyautar ta fito daga wanda ba ya cikin wasan, kamar mai shagon waya ko mai sayar da data da ke son a ambaci shagonsa.

Taswirar wasan kusan mutum 50 take ɗauka, wato tawaga 12 masu mutum huɗu-huɗu. Ku tanadi katin buɗe ɗaki na musamman, ku yi zagaye huɗu ko biyar maimakon ɗaya, a rubuta makin matsayi da na kisa tun kafin ranar. Lambar ɗaki da kalmar sirri a tura wa shugabannin tawaga kawai, minti 10 kafin farawa, in ba haka ba baƙi za su cika gurabe. Alƙali ya zama wanda ba shi da tawaga, ya ɗauki hoton sakamakon kowane zagaye ya saka a zaure nan take. In a wuri ɗaya za ku taru, a duba wayoyi saboda manhajojin maguɗi, a raba tawagogin kan layuka daban-daban don kar turke ɗaya ya cushe, kuma a rubuta tun farko cewa wanda sabis ya yanke masa bayan jirgin da ke sauke 'yan wasa a taswira ya tashi, ba a sake zagaye dominsa.